Iya Yalwa da Sunan Ɗan Farinta

Uwarmu ta haura shekara tamanin a duniya, kuma har ta kwanta ciwon ajali babu mahalukin da ya taɓa jin sunan babban yayanmu a bakinta. Sunansa Idirisa, shi ne ɗan farinta. Na san kunyar ɗan fari ba a gidanmu aka fara ta ba, mata da yawa sun yi, amma yawancinsu in shekaru suka tura sai su ɗan sassauta. Iya Yalwa ba ta sassauta ba. In za ta yi maganarsa sai ta ce "yayanku", ko "wancan", ko kuma ta nuna ƙofa da haɓa. Akwai wani mai amalanke da ke kai mata tukwane kasuwa, shi ma Idi ake ce masa, ya yi mata aiki har jakinsa ya tsufa ya mutu, bai taɓa samun suna a wurinta ba sai "mai jaki".

Ni ce Tsahara, ta huɗu a ɗakinta, kuma ni ce na gado bakinta, haka dai dangi ke cewa in suna so su zage ni a fakaice.

An haife ta a wani ƙauye bayan Tibiri, gidan manoman gero. Aure ya kai ta Jiratawa wurin babanmu, Malam Ilyasu, a can ta koyi ginin tukwane a hannun uwar mijinta. Da cikin fari ya tsufa aka mai da ta gida goyon ciki, ta haihu a ɗakin uwarta, Inna Uwani. Da lokacin yaye ya yi, Inna Uwani ta zo Jiratawa ta saɓa yaron a baya ta koma da shi Tibiri, kamar yadda aka saba yi wa ɗan fari. A can ya tashi. Kakarsa yake kira Inna, ita ke ba shi fura, ita ke zane shi in ya yi laifi. Bai dawo gidan ubansa ba sai da ta rasu, lokacin har muryarsa ta buɗe.

Ina ƙarama sa'ad da ya dawo, amma ina tuna yadda ake ba shi abinci. Iya za ta zuba tuwo, ta zaɓi tsoka mafi girma ta binne a ƙasan miya, ta rufe kwanon da faifai, sannan ta ce da iska, "A ɗauke kwanon can kahin kaji su taɓa." Shi kuma sai ya zo ya ɗauka kansa a sunkuye, kamar wanda ya shigo gidan surukai. Mu kanmu mun ɗauka baƙo ne.

Ba shiru gare ta ba, kada ku ɗauka haka. Duk Jiratawa an san muryar Yalwa maginiya. Ita ke zuwa bakin gulbi ta zaɓi yumɓunta da kanta, ta murza shi tsakanin yatsu, wani lokaci har ta ɗanɗana. Ta kwaɓa da ƙaiƙayi, ta gina tulu da randa da kasko, ta jera su a inuwa su sha iska kafin ranar gashi. In an fito da su daga wuta sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa da zoben hannunta, wanda amonsa bai yi mata ba ta fasa shi nan take, ko da kuwa idonka bai ga tsaga ba. Babanmu ya sha yi mata faɗa a kan wannan, ta ce ba za a zage ta a gidan da ba ta sani ba saboda tulu mai yoyo. A kasuwar Maraɗi kuwa, in kika taya randarta da wulaƙanci, sai kin gwammace ba ki fito ba ranar. Kusa da ita wata ƙawarta ke zama, Talatu mai daddawa, ƴar Tibiri, tare suka yi wasan ƙasa. Daga safe har la'asar suna tsiya da juna, ko wace ta riga shimfiɗa, ko ta wa ta fi tsufa.

Wannan matar da ba ta jin tsoron kowa, ita ce in Yaya Idirisa ya yi sallama sai ta ja mayafi ta juya fuska bango.

Shi kuwa Allah Ya buɗa masa a harkar hatsi. Ya gina gida a unguwar Zariya cikin Maraɗi, kuma da gwiwoyin Iya suka ƙi aiki bayan rasuwar babanmu, ya gina mata ɗaki a ciki ya ɗauko ta. Kullum da safe zai zo ya durƙusa a bayan labule ya gaishe ta. Ita kuma daga ciki sai ta ce, "Ku ce mishi lahiya lau." Ko babu kowa a ɗakin haka take cewa. Abin yana ba ni haushi, wallahi. Na sha ce mata, "Iya, mutumin nan hwa jikoki gare shi." Sai ta ce in kama bakina ko ta kama mini shi.

Wata rana da ta fara ciwo, mun baro ta a asibiti muna dawowa ni da shi, ya tsai da mota a gindin wata bishiya ba gaira ba dalili. Ya daɗe yana kallon sitiyari, sannan ya ce, "Tsahara, ni ban rasa komi ba a duniyar ga. Abu guda nike roƙon Allah. Kahin ta tahi, ta dube ni ta sa mani albarka da bakinta, ba ta bakinku ba." Na buɗe baki zan yi tsiyar da na saba yi wa mutane, sai na ga gemunsa ya yi fari fat. Tausayinsa ya kama ni.

Da damina ta yi tsaka ciwon ya ci ƙarfinta. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi nauyi. Majon da ke duba ta, wani dattijon ma'aikacin jinya mai haƙuri, ya ce zuciyar ce ta gaji, mu mai da ita gida a ci gaba da ba ta magani. Na kwaso kayana daga Sabon Gari na tare a ɗakinta.

Da hantsi ne abin ya fara. Na zauna a bakin gado ina ba ta kunu da cokali, sai ta ture hannuna ta ce, "Matsa can, kin zamna bisa zanen Inna."

Na ce, "Wace Inna?"

"Inna nawa gare ni? Ga ta nan kin danne mata gehen zane, kunya ta hana ta magana."

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Babu kowa a wurin sai tabarma da butar alwala. Amma Iya ba ni take kallo ba, wurin da na tashi take kallo, kuma fuskarta ta washe irin yadda ban ga ta washe ba tun muna Jiratawa. Matar da ba ta iya ɗaga cokali ta kai hannu ta gyara ɗankwalinta. Ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi hanya, ta yi shiru tana sauraren amsa, ta gyaɗa kai. Can ta ce, "Malam ma ya zo? To shigo mana, ka tsaya bakin ƙohwa kamar mai bin bashi." Babanmu ke nan. Ta ce yana sanye da farar rigarsa, kuma tarin da ya kashe shi ya bar shi.

Abin da zan ƙara a nan ni kaina ban san yadda zan ajiye shi ba. A lokacin ɗakin ya cika da ƙamshin sabon tulu, irin wanda ke tashi in an zuba masa ruwan farko. Na girma cikin wannan ƙamshi, ba zan ɓata shi da wani ba. Gidan Yaya kuwa ko kasko babu, ruwansu a firji yake. Matarsa ta shigo da kwano, ta tsaya ta shaƙa, ta dube ni, na dube ta.

Daga ranar baƙin Iya suka riƙa zuwa, yawanci da hantsi ko bayan la'asar. Hankalinta kuma bai gushe ba. Tana gama hira da su za ta juyo ta ce mini gishiri ya yi yawa a miya. Wata maƙwabciya ta ce iskokin gidansu ne na Tibiri suka biyo ta, a nemo masu turare. Limamin unguwa ya ce a yawaita karatu kusa da ita, kuma tunda ba firgita take yi ba, mu kyautata zato ga Allah. Na tare majo a zaure na ce ya faɗa mini gaskiya, ko ciwon ne ya taɓa kai. Ya ce zai iya yiwuwa. Sannan ya rage murya ya ce ya ga irin haka a wurin masu jinya da yawa, har da uwarsa, kuma har yau bai san sunan da zai ba abin ba.

Ni dai ina tsakani, rabi na yarda rabi ina cewa zafin ciwo ne, har ranar da aka bugo waya daga Tibiri da sassafe aka ce Talatu mai daddawa ta rasu. Ba ta yi jinya ba, ta yi alwalar asuba ta zauna, shi ke nan. Yaya ne ya ɗauki wayar a ƙofar gida. Ya kira ni waje, muka yanke cewa ba za a gaya wa Iya ba, ya wuce jana'iza. Ban bari kowa ya shiga ɗakin da jan ido ba.

Bayan azahar ina yi mata fifita sai ta fashe da dariya, dariya ta gaske, har da tari. Ta ce, "Ke Talatu! Yaushe kinka zo? Au, riga ni kinka yi? Ke dai ba ki barin halinki, ko kasuwa sai kin riga ni shimhiɗa." Ta saurara, ta sake dariya. Sannan ta juyo gare ni, idonta tar, ta ce, "Mi ya sa ba ku gaya mani ba?"

Mafici ya faɗi daga hannuna. Ban ji tsoro irin na gudu ba, wani abu ne daban, na ji ni ƙarama ƙwarai, na ji ɗakin nan mai rufin kwano ya fi ƙarfin sanina. Na ce Allahu akbar, na yi ta maimaitawa. Tun daga ranar, in zan shiga ɗakin sai na yi sallama da ƙarfi, kuma ba na zama sai na tambaye ta inda babu kowa.

Ba a daɗe ba ta daina cin abinci. Numfashinta ya koma kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi, duk wanda ya ji sai ya kau da kai. Majo ya ce bai ga abin da ke riƙe da ita ba. Ita ce ta ba mu amsa da kanta. Ta ce, "Sun ce in taso mu tahi. Na ce ba ni tashi, da saura guda bai shigo ba."

Duk gidan muka haɗa baki muka ce Hafizu. Wa kuma zai zama? Shi ne autanta, ɗan lelen da ta goya har ƙafarsa na jan ƙasa, wanda sunansa ba ya barin bakinta. Yana tuƙin babbar mota tsakanin Agadas da Arlit. Yaya ya yi ta bugun waya har aka same shi, ya bar motar a hannun wani ya kamo hanya. Ya iso a jigace, ya faɗa ɗakin yana kuka kamar ba shi ne mai mata da ƴaƴa ba. Iya ta shafa kansa, ta ce ya rame, ta ce a ba shi abinci, ta sa masa albarka. Muka yi jugum muna jira. Sai ta ɗauke ido daga kansa ta mai da ƙofa.

"Da saura guda," ta ce.

To fa. Aka shiga kiran dangi. Ƴaƴa mata, jikoki, surukai, ƙanenta da ya makance a Tibiri, har da wata da suka yi shekaru ba sa ga maciji, duk aka kawo su a baburan kabu-kabu da mota, kowa ya shiga ya nemi gafara ya fito. Kuma kun san wanda ke tsara wannan duka? Yaya Idirisa. Yana zaune a tabarma gindin dogon yaron tsakar gida, carbi a hannu, yana cewa wane ya shiga, wance ta jira. Shi bai taɓa ɗaga labulen ba. Tun da ta kwanta ya ƙara nisa ma, don kada ta wahalar da kanta wajen juya fuska tana cikin wannan hali. Mu kuma ba wanda ya kawo shi a rai, saboda mun tashi mun ga ba ya shiga, har mun daina ganin cewa ba ya shiga.

Ranar ƙarshe an yi ruwa da rana, ya ɗauke wajen la'asar. Ni kaɗai ce a ɗakin. Iya ta buɗe ido, na ga ta ɓata rai irin na yarinyar da ake yi wa faɗa.

"Ke kin san ba ni iyawa, Inna," ta ce. Ta yi shiru. "To ke kira shi mana, ba ke kinka goya shi ba?" Ta sake yin shiru, hawaye ya gangaro mata ta gefen ido ya shiga kunne. "Ta ce ita ba a jin muryarta a nan."

Ban tsaya neman takalmi ba. Na fita cikin taɓo na tsaya a kansa na ce, "Yaya, tashi. Kai ne."

Ya ɗago a firgice. "Ta ce ni?"

"Ba ta ce ba. Yaushe ta taɓa cewa? Tashi, don Allah, kada ka sa in yi maka rashin kunya gaban ɗiyanka."

Ya ce in bari, kada a takura mata. Na kama hannun rigarsa na ja, ni da ban taɓa ko haɗa ido da shi da gardama ba. Ya biyo ni. A bakin ƙofa ya tuɓe takalmi, ya yi sallama da wata murya da ba tasa ba, ya shiga da rarrafe ya durƙusa nesa da gadon, kansa a ƙasa.

Iya ta juya fuska bango. Jikinta ne ya yi, ya saba. Na ji kamar in kurma ihu. Yaya ya fara ja da baya, na tare ƙofar da jikina.

Sai muka ji ta ce, a hankali, "To, Inna, na ji. Kada ki yi mani hwaɗa gaban ɗiya."

Ta juyo. Ta ɗauki lokaci tana juyowar, kuma ban taimaka mata ba. Ta sa masa ido, ta dube shi tun daga hula har gwiwa, kallon da take yi wa tulu in ya fito daga wuta. Shi bai ɗago ba.

"Ashe ka yi hurhura," ta ce.

Ya ƙara sunkuyar da kai.

"Matso. Ban iya ɗaga murya."

Ya matso har gemunsa ya taɓa bakin katifa. Ta lalubo kansa, ta ture hular, ta ɗora tafin hannunta a kan furfurar.

"Ranar da Inna ta tahi da kai, kowa ya ce na yi ƙoƙari ban yi kuka ba. Ƙarya ne. Na bi ku a baya cikin gero har bakin gulbi, ina jin kukanka, nono na zuba har zanena ya jiƙe. Na laɓe ina kallo har kunka haye. Ban taɓa gaya ma kowa ba. Inna ma yanzu ta ji."

Ya ce, "Iya, ki yahe mani."

"Mi ka yi mani? Allah Shi yi maka albarka. Allah Shi ba ka masu yi maka abin da ka yi mani."

Na ɗauka shi ke nan, ya sami abin da ya roƙa, na fara share hawaye. Amma leɓunanta ba su tsaya ba. Suna motsi ba sauti, kamar mai gwada kalmar da ba ta taɓa furtawa ba. Ta dubi kusurwar da baƙinta suke, ta dawo da ido kansa.

"Idirisa."

Ya ɗago kai, karon farko. "Na'am, Iya."

"Ba komi. Kira dai na yi."

Ta ɗan huta, ta sake kira, ya sake amsawa. Ta yi murmushi ta ce ashe sunan bai da nauyi. Sannan ta ce da mutanen kusurwa, "To, ku yi gaba, ga ni nan." Yaya ya sa bakinsa kusa da kunnenta ya karanta kalmar shahada, ta bi shi har ƙarshe, a fili, ni shaida ce. Numfashin nan mai wahala ya yi sauƙi, ya yi sauƙi, har na kasa gane lokacin da ya tsaya. Ba a kira magariba ba tukuna.

Na rufe mata ido, na ja zane na lulluɓe ta. Hafizu da matan gida suka shigo, salati ya tashi. Yaya yana nan durƙushe inda yake, ba ya kuka, hularsa a ƙasa. Na sunkuya zan ɗauko masa ita, sai na ga ya waiga ƙofa da sauri, fuskarsa a sake, ya ce, "Na'am."

Babu kowa a ƙofar, labule ne kawai. Na ce, "Yaya, da wa kake?"

Ya dube ni da mamaki ya ce, "Ba ki ji ba?"